Jan Ɗaki: Horon da Bai Ƙare a Dare Ɗaya Ba

'Yar'uwa, in kin taɓa kulle yaro a ɗaki mai duhu wai don ya yi hankali, zo mu leƙa littafin Jane Eyre, wanda Charlotte Brontë ta Ingila ta fitar a 1847.

Jane marainiya ce 'yar shekara 10, tana riƙo a hannun matar kawunta, Misis Reed. Ɗan gidan ya jefe ta da littafi har ta yi jini, da ta rama sai ita aka kulle a jan ɗaki, inda kawun nata ya rasu shekara 9 baya. Duhu na shiga ta hangi haske yana tafiya a bango, ta ɗauka fatalwa ce, ta ƙwalla ihu. Maimakon lallashi, matar ta tankaɗa ta ciki, ta ƙara mata awa guda. Nan ta suma.

Gwanintar marubuciyar ita ce ba ta kawo fatalwar gaske ba. Da Jane ta girma ta gane wataƙila fitilar mai wucewa ce. Ashe dodon ba ya cikin ɗakin, yana bakin ƙofa riƙe da makulli.

Washegari ko abincin marmari ta kasa ci. Bayan shekaru ta yafe wa matar a gadon mutuwarta, amma ɗakin bai bar ta ba, har mafarkinsa ta yi tana budurwa.

To uwargida, ɗan riƙo amana ne. Allah Ya ba mu ikon riƙewa, amin.