Sirdi Gaba, Kaya Baya: Nazarin Gyaran Keke a Ƙasar Rabah

Keken da ya fito daga kwali ba ya daɗewa a yadda masana'anta ta ƙera shi idan ya shigo Rabah, Wurno ko Goronyo. Raleigh na Ingila ne, Phoenix na Sin, ko Hero na Indiya, duk fasalinsu ɗaya: sirdi can baya, kan keke a ɗage, mahayi zaune sak kamar basarake bisa doki. Wannan zama ya dace da malamin makaranta mai littafi a kariya. Bai dace da manomin fadamar gulbin Rima ba, wanda zai ɗaura buhun albasa ko na tafarnuwa ya nufi kasuwa.

Dalili a fili yake. Nauyin buhu yana sauka bisa tayar baya, har ya zarce ta. Idan mahayi ma ya zauna can, sai gaban ya yi sakayau, kan keke ya riƙa rawa, a hawa kuma tayar gaba ta ɗaga. Maganin shi ne mutum ya matsa gaba, ya mayar da jikinsa ma'aunin kaya.

A nan mai gyaran keke da mai walda suke shigowa. Ba su da awon tela, tambaya suke yi: "Malam, buhu nawa kaka ɗauka?" Daga amsar ake yanke aiki. Mafi sauƙi shi ne a juya maƙalar sirdi ta fuskanci gaba, a sauke kan keke. In bai isa ba, sai a lanƙwasa ƙarfen da ke ɗauke da sirdin, a tsawaita kariya da rodi, a tokare ta da ƙafafu biyu. Mai keke ya hau ya zagayo, ya dawo ya ce "ƙara kaɗan". Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Turawa ma suna neman wannan zama, amma abokiyar gabarsu iska ce. A 1993 wani ɗan Sukotilan, Graeme Obree, ya ƙera kekensa da hannunsa, har da wani ɓangare na injin wanki, ya duƙa bisa kan keken ya ci kilomita 51.596 cikin awa ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba. Shekara na zagayowa hukumar tseren keke ta duniya ta haramta salon nasa. Can doka ke iyakance matsawar sirdi. A Rabah kuwa gwiwa da hanya ne alƙalai.

Sai dai sana'ar tana da aibinta. Bututun keke siriri ne, wutar walda kan cinye shi, ya karye daidai gefen ɗinkin ranar da kaya suka fi yawa. Ana ƙara wa keke ƙarfin ɗauka, a bar masa birkinsa na asali. Kuma zaman da ya taimaka a hawa shi ke cuta a rairayi, domin tayar gaba sai ta nutse, mahayi ya sauko ya tura. Wanda aka matsa wa sirdi fiye da kima, gwiwa da wuyan hannu ke biyan bashin.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wasu da suka jingine keke don babur sun sake kakkaɓe shi. Amma gwanayen da suka san inda ƙarfe ke jure wuta suna tsufa, yaransu kuma sun fi son gyaran babur. Ilimin nan a ido da hannu yake, ba a takarda ba. Ranar da rumfar ta rufe, manomi zai koma zama yadda Baturen Raleigh ya auna masa, alhali Baturen bai taɓa ɗaura buhun albasa ba.