Akwati mai kwaɗo uku: a sake duban Mata Masu Dubara

Tun da ƙungiyar CARE ta kafa tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a shekarar 1991, yabon da ake yi masa kusan iri ɗaya ne: wai matan karkara sun yarda da juna, shi ya sa asusun ya ɗore har ƙasashe da dama suka kwaikwaye shi. Yabon na da daɗin ji, amma ya bar rabin magana.

Mai neman sirrin abin ya dubi akwatin kansa. Na ƙarfe ne, kwaɗo uku gare shi, mabuɗan na hannun mata uku, wata ta huɗu ke ajiyarsa. Ba a buɗe shi sai a taron mako, a gaban kowa. A nan ake zubi, a ƙidaya da ƙarfi, a ba da rance, a ci tarar wadda ta makara. Matan da suka yarda da juna ɗari bisa ɗari ba su buƙatar kwaɗo uku. Hikimar ita ce an ɗora zargi a kan ƙa'ida, an sauke shi daga kan mutum. A adashe, ranar da aka tambayi uwar adashe lissafi, zumunci ya tsage, don tambayar kanta tuhuma ce. A nan kuwa ana ƙidaya kowane mako, ko an yi zato ko ba a yi ba, saboda haka ba wadda fuskarta ta zube.

A tuna da ƙungiyoyin manoma na UNCC, wadda aka kafa a 1962: da farko lissafinsu na cikin takardun Faransanci, a hannun ma'aikata, manomi kuwa sai abin da aka faɗa masa.

Abin da ya kamata malamai da ƙungiyoyinmu su yi muhawara a kai shi ne littafi. A tsarin farko da ka ake riƙe lissafi, kowace mace shaida ce a kan zubi da bashin maƙwabciyarta. Da kuɗi suka ƙaru sai rubutu ya shigo, kuma dole ne ya shigo. Amma inda mutum ɗaya ya iya karatu cikin mata talatin, littafin ya zama mabuɗi na huɗu, mai buɗewa ba tare da sauran ukun ba. Wasu na ganin yaƙi da jahilci ado ne da ake ƙara wa asusu daga baya. A ganina yana cikin kwaɗunan akwatin, kuma shi ne aka fi barin sa a buɗe.