Wa Ya Biya Kuɗin Dandamali?

Masu sukar bukukuwan nunin tufafi waƙarsu ɗaya ce: wai kamfanoni sun saye dandamali, mai zanen kaya ya koma yaron tallan banki. Da alama masu wannan magana ba su taɓa tambayar kuɗin hayar zaure da fitilu da janareta da sallamar masu saka kayan ba.

Tarihin ba shi da tsawo. A 1943 Eleanor Lambert ta tara 'yan jarida a New York su ga ɗinkin Amurka. Da aka kafa tantuna a Bryant Park a 1993 hidima ta yi nauyi, daga baya Olympus da Mercedes-Benz suka ɗora sunayensu a kan makon nunin tufafin. Legas ta bi sawu: Omoyemi Akerele ta kafa nata makon a 2011, ya amsa sunan MTN, ya amsa na GTBank, sannan Heineken. Shi ma mai zanen kaya Alphadi, da ya kai bikin nunin tufafi na FIMA hamadar Tiguidit kusa da Agadas a 1998, ai ba da kuɗin ɗinki kaɗai ake kai fitila cikin rairayi ba.

Abin da ya kamata a nazarta shi ne inda tambari yake tsayawa. Dubi allon nan na bakin ƙofa, inda baƙi ke tsayawa a ɗauke su hoto. Ba a buga tambari ɗaya ƙato a kansa, don kan mutum ɗaya ya isa ya rufe shi. Ƙanana ake jerawa, a karkace, layi bisa layi, yadda ko an datse hoton don Instagram sai guda ya leƙo ta bayan kafaɗa. Kamfani ya karɓi ladansa tun a nan, a kan baƙi masu son a gan su. Da an shiga ciki sai tambarin ya ja da baya: yana kan katin gayyata, yana kan jakar kyauta da ke kujerun gaba, yana gefen bango. Idan kiɗa ya tashi, sunan mai zane ke haskawa, rigar kuwa ba ta ɗauke da sunan kowa. Wannan iyaka ita ce dabarar, kuma masu suka ba sa ganinta, domin a ƙofa suke tsayawa.

Dangantakar ta yi kama da ta makaɗi da ubangidansa: a ambaci mai kyauta, amma kiɗan na mai kalangu ne. Ban ce babu ƙaya ba. Mai zane Musulmi daga Kano zai yi tunani kafin ya tsaya gaban allon kamfanin giya, kuma yana da hujja.

Ni dai a ganina, mafi alherin mai ɗaukar nauyi shi ne wanda bai san kan allura ba. Banki ko kamfanin waya ba ruwansa da faɗin hannun riga, hoto yake so. Wanda nake tsoro shi ne kamfanin yadi, irin su Vlisco, wanda kowa ke yabawa da cewa ɗan gida ne a sana'ar. Shi ne zai ba ka atamfarsa kyauta, ka wayi gari duk abin da ka ɗinka da launinsa da zanensa ya fito, saƙi da rinin Ƙofar Mata kuwa ba su samu hawa dandamali ba.