Duhun Allo a Ƙarshen Majigin Kiarostami

Galibin masu shirya majigi suna ɗaukar duhu tamkar labule, watau alamar an tashi wasa. Abbas Kiarostami, mutumin Iran, ya saɓa musu cikin Ta'm-e Gilas, wanda ya ci babbar lambar bikin Cannes a 1997.

Labarin na wani mutum ne, Badii, mai zagaya tuddan Tehran cikin mota yana neman wanda zai binne shi bayan ya halaka kansa. Da dare ya kwanta cikin ramin. Walƙiya ta haska fuskarsa, sa'an nan allo ya yi baƙi ƙirin, ba a jin kome sai ruwan sama.

Mai gaggawa zai ce an guje wa ƙarshen labari ne. A ganinmu ba haka ba ne. Da an nuna gawa, da an yanke wa Badii hukunci. Da an nuna shi da rai, da majigin ya koma wa'azi. Duhun nan kuwa ya sa ɗan kallo cikin ramin, shi da zuciyarsa. Aibinsa guda shi ne hotunan ma'aikatan majigin da suka biyo baya, domin sun fid da mu daga ramin da wuri.