Kamanci a Waƙoƙin Amurka: Tarken Waƙoƙin Raha na Al Yankovic

Akwai wata irin waƙa wadda ba ta iya tsayuwa da ƙafafunta sai ta jingina da wata waƙar da jama'a suka riga suka haddace. Mai yin ta yakan ɗauki karin waƙar wani fitaccen mawaƙi da yanayin muryarsa, ya zubar da kalmomin, ya zuba nasa, domin ya ba mutane dariya. Turawa sun gaji sunan wannan fasaha daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar waƙar da aka rera a gefen wata waƙa. A Hausa akwai kalmomi da dama da suka yi kusa da ma'anar amma ba su hau ta sosai ba. Zambo yana kama suna ya muzanta, habaici yana sakaya suna, ba'a da shaguɓe kuwa ba su bukatar waƙar kowa. Kalmar da ta fi dacewa ita ce kamanci, wato sana'ar 'yan kama, waɗanda C. G. B. Gidley ya yi nazarinsu tun 1967, kuma aka san su da juya sanannun waƙoƙi da salon karatun malamai su koma zancen tuwo da miya. Da ita za a yi amfani a wannan maƙala.

Wanda ya fi kowa shahara da kamanci a waƙoƙin zamani na Amurka shi ne Alfred Yankovic, wanda ake yi wa laƙabi da "Weird Al", wato Al bauɗaɗɗe. An haife shi a jihar Kalifoniya a 1959. Abin kiɗansa akodiyan ne, wanda ake matsawa ana saki kamar zugazugin maƙeri, kuma samarin Amurka na lokacinsa suna ɗaukarsa kayan kiɗan tsofaffi. Tun daga nan ke nan dariya ta fara, kafin a ji ko kalma ɗaya. Shirin rediyo na Dr. Demento ne ya fito da shi. A 1979, yana ɗalibin jami'a, ya juya waƙar ƙungiyar The Knack mai suna "My Sharona", wadda ke begen wata budurwa, ta koma "My Bologna", begen wani irin naman gwangwaje burodi. A makewayin makaranta ya ɗauki muryar, saboda amon da ɗakin yake bayarwa.

Kafin a shiga waƙoƙin, ya kamata a fahimci irin mawaƙan da yake yi wa kamanci. Tun daga shekarun 1960, mawaƙin da ya fi daraja a Amurka da Ingila shi ne wanda yake tsara waƙarsa da kansa kuma ya rera ta da bakinsa. Masu sauraro suna ɗaukar kalmominsa a matsayin asirin zuciyarsa, suna auna shi da ma'aunin gaskiya kafin ma'aunin daɗin murya. Wannan da'awa ta gaskiyar zuci ita ce jarinsa, ita ce kuma lagonsa. Da zarar an nuna cewa murya ɗaya, da rawar murya ɗaya, da nishi ɗaya, za su iya ɗaukar zancen abinci yadda suka ɗauki zancen soyayya, to an nuna cewa wani kaso na abin da aka zaci zuciya ce, dabara ce kawai ta sana'a wadda ake iya koyo.

Waƙar da ta ɗaga sunan Yankovic ita ce "Eat It" ta 1984, wadda ya gina a kan "Beat It" ta Michael Jackson. Harafi ɗaya ya cire daga sunan, ma'ana ta tashi daga "kauce" ta koma "ci". Waƙar asali gargaɗi ce ga saurayi da ya guji faɗan 'yan daba, ya tsira da ransa. Ta Yankovic kuwa muryar mahaifi ce yana yi wa yaro mai tsandar abinci faɗa ya cinye abin da ke cikin kwanonsa. Gwanintar tana ga abin da bai taɓa ba. Ya bar sigar umurni yadda take, ya bar zafin murya, ya kiyaye yawan gaɓoɓi da wuraren da amsa-amo yake faɗawa, har mai sauraro yakan ji tsohuwar waƙar tana motsi a ƙarƙashin sabuwar. Wannan ji biyu a lokaci guda shi ne tushen dariyar. Wanda bai san waƙar Jackson ba, abin da zai ji bai wuce surutun uba a bakin akushi ba. Waƙar ta kai matsayi na 12 a jerin Billboard na Amurka, ta zo ta ɗaya a Ostareliya, ta kuma ci kyautar Grammy.

A nan ne dangantakarsa da 'yan kama ta fi fitowa, ba tare da ɗayansu ya san da zaman ɗayan ba. Waƙoƙinsa na abinci sun yi yawan da har aka tattara su a faifai guda a 1993. Dalilin bai ɓuya ba. Mawaƙi yana ɗaga mutum zuwa ga zuciya da ƙwaƙwalwa, ɗan kama yana jawo shi ya dawo da shi ga ciki, inda sarki da talaka suka yi tarayya. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

To amma akwai tambayar da masu yabon Yankovic ba su cika yi ba: me "Eat It" ta faɗa game da "Beat It"? Amsar ita ce, kusan babu. Ta hau ta ne kamar yadda ake hawan jakin aro a je kasuwa. Haka "Like a Surgeon" ta 1985, wadda ta ɗauki waƙar Madonna ta yi ba'a ga sababbin likitocin fiɗa, haka kuma yawancin waƙoƙinsa da suka yi kasuwa. Wannan bambanci har kotu ta yi magana a kansa. A 1994 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da kamfanin Acuff-Rose ya kai ƙungiyar 2 Live Crew, wadda ta juya waƙar Roy Orbison ta 1964 mai suna "Oh, Pretty Woman" bayan an hana ta izini. Kotun ta ce kamanci yana iya samun kariya daga dokar haƙƙin mallaka ko da don kuɗi aka yi shi, domin wanda zai soki wata waƙa dole ya kwaikwaye ta kafin a gane abin da yake suka. Amma wanda ya ari waƙar wani don ya soki wani abu dabam a cikin al'umma, sai ya kawo hujjar aron. In aka ɗora waƙoƙin Yankovic a wannan sikeli, akasarinsu a kashi na biyu za su faɗa.

Shi dai bai cika dogara da wannan kariya ba, domin al'adarsa ita ce neman izinin mai waƙa kafin ya fitar da tasa. Ana yawan kawo wannan a matsayin shaidar kyawun halinsa, kuma babu dalilin musu. Sai dai yana da amfani na kasuwa, tun da yarjejeniyar tana tabbatar masa da rabonsa na marubucin kalmomi, yana kuma da farashi a fagen fasaha. Prince ya hana shi sau da dama. Paul McCartney, wanda ba ya cin nama, ya ƙi yarda a juya "Live and Let Die" ta koma waƙar abincin kaza. Jackson, wanda ya yarda da "Eat It" da "Fat" ta 1988, ya ƙi yarda a taɓa "Black or White", saboda yana ganin saƙonta ya fi ƙarfin wasa. Mawaƙi ke nan shi ke zaɓen inda za a tsokane shi, kuma babu mai miƙa wurin da yake masa ciwo. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Da haka kamancin Yankovic ya rikiɗe ya zama wata lambar girma, har mawaƙa suna ɗaukar cewa in ya juya waƙarka, ka isa. Wannan ya fi kama da wasan da ke tsakanin taubasai, inda an san iyaka kuma ba a fushi.

Sau ɗaya da aka yi fushi a bainar jama'a, darasin da ke ciki ya cancanci a tsaya a kansa. A 1996 ya fitar da "Amish Paradise" a kan "Gangsta's Paradise" ta Coolio, waƙar da ke kukan rayuwar matasan baƙar fata a unguwannin da kisa ya zama ruwan dare. Yankovic ya sa muryar a bakin wani ɗan ɗariƙar Amish, Kiristocin karkara masu gudun lantarki da mota. Coolio ya ce bai ba da izini ba, kuma an wulakanta waƙar da aka yi da gaske. Yankovic ya ce kamfani ya gaya masa an yarda. Daga baya sun shirya, Coolio ma ya ce shi ne ya yi kuskure. Abin lura shi ne waƙar Coolio ita kanta a kan "Pastime Paradise" ta Stevie Wonder ta 1976 aka gina ta, saboda haka mai kukan an ari kayansa shi ma aro ya yi. Duk da haka ƙorafinsa na farko ba shirme ba ne. An kwashe baƙin cikin wasu mutane an yi dariya da shi, dariyar kuma ta sauka a kan wasu mutanen da ba su da rediyon da za su ji ta, balle su rama.

Inda Yankovic ya cika ɗan kama na ƙwarai shi ne inda ya juya ya fuskanci mawaƙin kansa. Misali mafi kyau shi ne "Smells Like Nirvana" ta 1992. Waƙar Kurt Cobain ta zama taken matasan zamaninta, alhali kuwa da yawa daga masu rera ta ba su jin abin da yake faɗa, domin yana tauna kalmomin yana haɗiye su. Yankovic ya mai da wannan ya zama jigonsa: mawaƙi yana rera waƙa yana kukan cewa shi ma bai san abin da yake faɗa ba, har ya kai ga kurkurar ruwa a maƙogwaro a madadin kalmomi. Ya ba da labarin cewa da ya nemi izini ta waya, Cobain ya tambaye shi ko waƙar abinci ce za a yi, da ya ji ainihin jigon sai ya ga abin dariya ne ya yarda. Wannan waƙa tarke ce cikakkiya, domin ta yi tambayar da manazarta suka yi ta kewaye: in ba a jin kalmomin, to me jama'a suka yi imani da shi? Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, kuma wawan a nan ya haɗa da masu sayen faifan.

Akwai kuma wani reshe na aikinsa wanda bai yi kasuwa sosai ba amma ya fi zurfi, wato inda ba ya ɗaukar waƙar kowa, sai ya tsara sabuwa fil cikin salon wani. Wannan ya fi wuya, gama sai mutum ya gano ƙa'idojin da mawaƙin yake bi, waɗanda watakila shi mawaƙin bai san yana bin su ba. Neil Innes ya yi wa Beatles haka a Ingila da ƙungiyar ƙarya mai suna The Rutles a 1978. Yankovic ya yi wa Bob Dylan a 2003 da waƙa mai suna "Bob". Ya kwaikwayi muryar hanci ta Dylan da sarewar bakinsa da salon "Subterranean Homesick Blues" ta 1965, sa'an nan ya cika kowane layi da irin jimlar da haruffanta suke karantuwa daidai ta hagu da ta dama, kamar yadda kalmomin "nan" da "ana" suke a Hausa. Sunan waƙar ma haka yake. Jimlolin ba su da alaƙa da juna, dokar haruffa ce kaɗai ta haɗa su, amma da aka rera su da muryar Dylan sai suka yi kama da zance mai zurfi wanda ke jiran mai sharhi. Ba ta rushe darajar Dylan ba, wanda aka ba kyautar Nobel ta adabi a 2016. Ta dai nuna cewa duhun ma'ana abu ne da ake iya ƙerawa, kuma mai sauraro yakan zuba ma'anar da kansa in ya riga ya yarda da mai muryar. Duk malamin da ya taɓa ganin ɗalibi ya tono falsafa daga baitin da mawaƙi ya sa don cika kari kawai, zai gane abin da ake nufi.

Sana'ar tana da sharaɗi ɗaya wanda ba ya hannun mai yin ta: sai an sami waƙar da kowa ya sani. A 1984 gidajen rediyo da tashar MTV suna iya sa ƙasa guda ta haddace waƙa guda cikin 'yan makonni. Da intanet ta zo, masu sauraro suka rarrabu, kowa da zaurensa, kuma duk waƙar da ta fito akan sami ɗaruruwan masu juya ta a YouTube kafin gwani ya gama neman izini. Faifansa na 2014, "Mandatory Fun", ya zo na ɗaya a jerin Billboard, abin da faifan raha bai yi ba tun na Allan Sherman a 1963. A lokacin ne kuma Yankovic ya ce da wuya ya sake tara waƙoƙi a faifai irin na da, domin kafin a kammala goma sha biyu, ta farkon ta riga ta tsufa.