Littattafan Gwajin Neman Aiki: Amsa Ba Dalili

Mun duba littattafan tsofaffin tambayoyi da yaranmu na Sabo ke saye don jarrabawar neman aiki. Akwai babin da ake kawo magana, a ce yaro ya gano zaton da aka gina ta a kai ba tare da an faɗa ba. Misali: mai goro ya rage farashi don ciniki ya ƙaru. Zatonsa, tsada ce ke korar masu saye.

Aibin littattafan nan, harafin amsa kawai suke bayarwa, ba dalili. Yaro ya haddace, a sauya goro da shinkafa, shi ke nan ya rikice. Alhali hanyar mai sauƙi ce: ka kore zaton ka gani. In ba tsada ba ce, goron ne ya bushe, ragin farashi bai tsinana komai. Abin da in an cire shi magana ta rushe, shi ne zaton.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne gare mu. Shehu Abdurrahman mai Ahalari shi ya wallafa Sullam a fannin manɗiƙi. Malaman darasi, don Allah ku koya wa yaran nan dalili, kuɗin iyayensu kuke karɓa.