Baƙon da Ya Kwana a Fadar Alhambra: Bitar Littafin Washington Irving

A birnin Granada da ke kudancin Sifaniya, da wuya ka shiga shagon tsaraba ka fito ba ka ci karo da littafin Tales of the Alhambra ba, wato hikayoyin fadar Alhambra, an jera shi cikin harsuna iri-iri. Ba'amurke ne ya rubuta shi, Washington Irving, haifaffen New York a 1783, kuma an fara buga shi a 1832. Ya doshi shekara 200 ke nan, amma har gobe baƙi na saye suna hawa tudun fadar da shi a hannu. A ganina ya cancanci wannan farin jini, domin littafi ne da ke koya wa mutum yadda ake baƙunci a tsohon gari: a zauna, a saurari masu wurin, a bar ido ya ƙoshi kafin ƙafa ta yi gaba.

Aikin tarihi ne ya kai Irving Sifaniya a 1826. Ya wallafa tarihin Christopher Columbus a 1828, sannan a 1829 ya taso daga Seville bisa doki tare da abokinsa Yarima Dolgorukov, ma'aikaci a ofishin jakadancin Rasha, suka nufi Granada. Gwamnan fadar ya ba su masauki a ciki. Abokin bai daɗe ba aiki ya kira shi, Irving kuwa ya zauna daga watan Mayu har ƙarshen Yuli. Fadar da ya tarar ba irin ta yau ba ce. Sojojin Faransa sun fice a 1812 bayan sun tarwatsa wasu hasumiyoyinta da albarushi, rufi na yoyo, kuma talakawa da tsofaffin sojoji da 'yan fasa-ƙwauri sun raba ɗakunan sarakunan Musulmi na gidan Banu Nasr a tsakaninsu.

Waɗannan talakawa su ne ran littafin, kuma a nan ne alƙalamin Irving ya fi kaifi. Ga Mateo Ximenes, mai yagaggen mayafi, wanda ya tare shi tun a ƙofa ya ce shi ɗan Alhambra ne gaba da baya, ya naɗa kansa jagora ba tare da an roƙe shi ba. Kakansa tela ne da ya yi tsawon rai, kuma daga bakin wannan tsoho Mateo ya kwashi labaran da ya riƙa zuba wa baƙonsa. Ga Tia Antonia, dattijuwar da ke riƙe da makullan fadar, da 'yar ɗan'uwanta Dolores, wadda tattabararta ta gudu ta bi 'yan iskan tattabaru, gida ya rikice, sai da yunwa ta koro ta. Babi guda Irving ya ba wannan tattabara, kuma ba ka jin ya ɓata maka lokaci. Ga wata tsohuwa mai kwana a ƙarƙashin matakala, ana yi mata kirari da sarauniya, wadda ke cewa ta auri maza biyar da rabi, rabin shi ne saurayin soja da ya rasu ana cikin neman aure. Wurin da ya fi zauna mini a rai shi ne inda Irving ya hango wani dogon mutum a saman hasumiya riƙe da sandunan fatsa, ƙugiya na lilo a sararin sama. Ashe tsuntsaye yake kamawa. Ya sa ƙuda a bakin ƙugiya, tsattsewa na shawagi tana kai cafka. Mai gaggawa ba ya ganin irin wannan. Sai wanda ya kwana ya tashi a wuri, ya ci abincinsa a farfajiyar zakoki, ya yi wanka da dare a babban tafkin fadar, kamar yadda Irving ya ce yana yi lokacin zafi.

Daga bakin waɗannan mutane da tsofaffin littattafai ya tsinto hikayoyinsa, ya yi musu kwalliya. Wadda ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta Peregil ɗan ga-ruwa, mai ɗebo ruwan sanyi daga rijiyar Alhambra bisa jakinsa yana sayarwa a cikin gari. Wani dare ya tarar da wani Musulmi matafiyi ba shi da lafiya, ya ɗora shi a jaki ya kai shi gida, duk da faɗan matarsa da tsoron hukuma. Baƙon ya cika a daren, ya bar masa ɗan akwatin sandal mai ɗauke da takarda da guntun kyandir. Wanzamin unguwa, sarkin tsegumi, ya kai rahoto, alƙali ya ƙwace jakin. Peregil ya koma ɗaukar tuluna a kafaɗa. Takardar kuwa da Larabci take, don haka ba ta da amfani a hannunsa sai da ya kai wa wani ɗan kasuwa Musulmi ya karanta. Su biyun suka sauka ƙarƙashin Hasumiyar Bene Bakwai, aka kunna kyandir, aka karanta rubutu, ƙasa ta buɗe a kan dukiya. Daga baya kwaɗayi ya jefa alƙali da wanzami da ɗan sandansu cikin ramin, aka hure kyandir, ƙasa ta rufe. Labarin ban dariya ne, amma duba yadda aka gina shi: tausayin Kirista talaka da karatun Musulmi ne suka haɗu kafin taska ta buɗe, ɗaya bai wadatar ba. Ko da gangan Irving ya yi ko a'a, ya faɗi gaskiyar Granada a nan.

Akwai kuma labarin gimbiyoyi uku, Zayda da Zorayda da Zorahayda, da na masanin taurari Balarabe, wanda daga cikinsa Pushkin na Rasha ya samo tushen labarinsa na zakaran zinariya a 1834. Na Yarima Ahmed al Kamel, mai tafiya da mujiya da aku a matsayin mashawarta, zai tuna wa duk wanda ya tashi da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam akun nan mai baki, har da yadda aka ɗora masa sarauta a ƙarshe. Ba duka suka yi armashi ba. Wasu na soyayya sun cika zaƙi har suna gundura, kuma 'yan matan cikinsu kusan kama ɗaya gare su.

A fagen tarihi, Irving ya yi abin da ba kowane Bature na zamaninsa zai yi ba. Ya tsaya wa Abu Abdullah Muhammad, sarkin Granada na ƙarshe, wanda Turawa ke kira Boabdil, shi da ya miƙa birnin ga sarakunan Kirista Ferdinand da Isabella ranar 2 ga Janairu 1492. An daɗe ana zarginsa da yanka manyan gidan Banu Sarraj a ɗakin da har yau ake nuna wa baƙi jan tabo a ƙasan maɓuɓɓugarsa ana cewa jini ne. Irving ya bi diddigi, ya nuna cewa yawancin wannan baƙin fenti daga littafin Ginés Pérez de Hita ya fito, littafin da ya cakuɗa ƙage da tarihi. Har ya hau doki ya bi hanyar da sarkin ya bi ranar fitarsa, zuwa tudun da aka ce daga can ya waiwayi birnin ya zubar da hawaye. A wani babin ya tunatar da masu karatunsa cewa daɗewar mulkin Musulmi a Andalus ta kai daɗewar da Ingila ta yi tun daga mamayar Normandawa zuwa zamaninsa, don haka babu dalilin kallonsu a matsayin 'yan ci-rani. Wannan adalci ne, kuma ina girmama shi saboda shi.

Sai dai Irving bai iya Larabci ba, kuma Alhambra gini ne mai magana. Bangonta cike yake da rubutu: taken gidan Banu Nasr mai cewa babu mai rinjaye sai Allah, an maimaita shi ba adadi, ga waƙoƙin Ibn al-Jayyab da Ibn Zamrak an sassaƙa su a jikin bango da bakin kwanon maɓuɓɓugar zakoki 12. A babban zauren Comares na Sarki Yusuf na ɗaya, Suratul Mulk ce ta zagaye ƙasan rufin katakon da aka ƙera shi a siffar sammai bakwai. Wanda ya haddace Tabaraka ya ɗaga kai a wannan zaure zai gane abin da magina ke nufi nan take. Irving kuwa sai da aka yi masa tafinta. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya tarar da wani mutumin Tetuan mai rawani zaune a farfajiyar zakoki, mai shagon turare a kasuwar Zacatín, wanda ya riƙa karanta masa baitocin bango yana fassarawa da Sifaniyanci, yana cewa daɗinsu ba ya ƙetarawa zuwa wani harshe. Shi ne ya gaya masa cewa akwai gidaje a Tetuan da ke ajiye da takardun gonakin kakanninsu na Granada da makullan gidajensu. Wannan shafi na cikin mafi kyau a littafin, kuma shi ne ya fi nuna iyakarsa.

A nan Bahaushen da ya yi karatun zaure ya fi Irving riba, domin Granada ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tuhfatul Hukkam, da alƙalanmu suka daɗe suna karantawa, Ibn Asim ne ya tsara ta, babban alƙalin Granada da ya rasu a 1426. Alƙali Iyal, mai Ashafa, ya taɓa riƙe alƙalancin birnin. Abu Ishaƙ al-Sahili, da ya biyo Mansa Musa daga aikin hajjin 1324 ya ƙare rayuwarsa a Tambutu, ɗan Granada ne. Haka Hasan al-Wazzan, wanda ya yi rubutu kan Kano da Katsina da Gobir. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a littafin Irving. Malaman birnin ba su dame shi kamar mayaƙa da gimbiyoyi ba.

Raunin da ya fi wannan nauyi shi ne yadda littafin ke ratsa abin da ya biyo bayan 1492 da sauri. An yi wa Musulmin Granada alkawarin barinsu da addininsu, aka karya cikin 'yan shekaru. Babban limamin Katolika Cisneros ya sa aka ƙone littattafan Larabci a dandalin Bib-Rambla, aka tilasta wa mutane shiga Kiristanci, aka haramta harshensu da tufafinsu, suka yi bore a duwatsun Alpujarras daga 1568 zuwa 1571, sannan aka kore su daga Sifaniya baki ɗaya tsakanin 1609 da 1614. A hikayoyin Irving, Musulmin da suka rage galibi mayaƙa ne da sihiri ya daskarar a cikin kogo suna gadin zinariya. Yana da daɗin ji, amma yana sauƙaƙa wa baƙo mantawa da cewa mutane ne masu 'ya'ya da gonaki aka tasa ƙeyarsu. Haka talaucin su Mateo: ya so su da gaske, amma wani lokaci yana kallon tsummansu kamar ado.

Duk da haka, fadar na cikin waɗanda suka ci moriyar littafin. Ya taimaka wajen jawo idon duniya gare ta. An ayyana ta kayan tarihin ƙasa a 1870, masanin gine-gine Leopoldo Torres Balbás ya yi mata gyara na ilimi daga 1923 zuwa 1936, UNESCO ta sa ta cikin jerin kayan gadon duniya a 1984, unguwar Albaicín ta biyo baya a 1994. Yanzu sama da mutum miliyan 2 ke shiga duk shekara. Akwai allo a ɗakunan da Irving ya zauna, masu kallon lambun Lindaraja, da mutum-mutuminsa a dajin da ke gangaren fadar. Dolgorukov ma ya bar tasa alamar: shi ya ba da kundin sa hannun baƙi a 1829, don mutane su daina rubuta sunayensu a bango.

Baƙon yau ba zai samu wata uku ba. Tikitin shiga fadojin Banu Nasr na ɗauke da sunanka da lokacin shigarka, ana duba fasfo, kuma in ka makara ka rasa. A lokacin cunkoso sai an saya makonni kafin tafiya. Abin da ya fi kusa da zaman Irving shi ne ziyarar dare, wadda hukumar fadar ke shiryawa a wasu ranaku. Da rana kuma, bi ruwa kamar yadda ya bi: daga lambunan Generalife, inda magudanar da aka janyo daga kogin Darro ke shigowa, har zuwa tafkin farfajiyar Comares. Tsaya a Ƙofar Shari'a ta 1348 ka nemi hannun da aka sassaƙa a bakan waje da makullin da ke na ciki, waɗanda Mateo ya rantse cewa ran da suka haɗu ginin zai rushe dukiya ta bayyana.

Littafin ya fi zama a kan tudu, saboda haka cikin gari sai ka nemi wani jagoran. Can ne za ka ga makarantar da Yusuf na ɗaya ya gina a 1349, da masaukin fatake na Corral del Carbón, da kabarin Ferdinand da Isabella, da kogunan Sacromonte inda ake kiɗa da rawar flamenko. A saman Albaicín, dab da dandalin San Nicolás da ake taruwa kallon Alhambra da yamma, akwai masallacin da aka buɗe a 2003, kuma lambunsa na fuskantar fadar.

Mai neman littafin ya nemi bugun 1851, wanda Irving ya sake tsarawa ya ƙara masa babi-babi na tarihi. In lokaci ya ƙure, a fara da babin tafiya daga Seville, da na mazauna fadar, da na farfajiyar zakoki, sannan labarin Peregil. Turancinsa na da ne, jimlolinsa dogaye, don haka ya fi daɗi a karanta shi a gida kafin a tashi, ba a tsaye cikin layin shiga ba.